Goggo Baki-Bakwai ta Ajin Ƙanana

A unguwar nan in ka ce Goggo Baki-Bakwai, ko yaron da bai iya sa maɓallin rigarsa ba zai nuna maka ƙofar ajin ƙanana na makarantar gwamnati. Ba malama ba ce. A takardar ɗaukar aiki, mai shara aka rubuta. Amma a shekara goma sha tara da ta yi a wurin, tsintsiya ce ta fi komai samun hutu a hannunta.

Mahaifinta maigadin tashar jirgin ƙasa ne. A gidan haya ta tashi, mai ɗakuna goma sha biyu da famfo ɗaya a tsakar gida, kuma kowane ɗaki da yarensa, don aikin jirgi ne ya kwaso mutanen daga ko'ina ya zube su wuri guda. Ita ce babba a ɗakinsu, mahaifiyarta kuma ba isasshiyar lafiya gare ta ba, shi ya sa ba a taɓa sa ta makaranta ba. A bakin famfon nan ta yi nata karatun, tana riƙe da bokiti tana jiran layi. Zagi ta fara iyawa, don shi aka fi ɗaga murya a kansa. Daga baya ta iya gaisuwa, sannan lallashi, saboda duk matar da za ta shiga wanka ita take miƙa wa jaririnta. Kafin ta kai shekara goma sha biyu, in faɗa ya tashi tsakanin ɗaki na uku da na tara ita ake kira ta yi tafinta. Ta kan rage wa maganar gishiri kafin ta isar, har matan su rabu kowacce na ganin ɗayar ce ta ba da haƙuri.

Tela ta aura, mutum mai barkwanci, kuma shi ya laƙaba mata sunan. Ranar da ya ji ta tana ciniki da mai kifi da wani yare, ta juya ta amsa gaisuwar mai gawayi da wani, sai ya dafe kai.

"Na shiga uku," in ji shi. "Masu mata mai baki ɗaya ma kuka suke, ni mai baki bakwai na kwaso."

Sunan ya bi ta. Sun haifi 'ya'ya uku, sun yi shekara ashirin da biyu tare, sannan ciwon ƙirji ya kwantar da shi wata huɗu, ya rasu. Ta rufe keken ɗinkinsa da zane, ta zauna a ɗaki har zaman ya fara cin ta. A lokacin ne aka buɗe ajin ƙanana a makarantar firamare ta bayan kasuwa, aka ce ana neman mai shara.

Wuri uku mutumin unguwar zai iya kai yaro ɗan shekara uku ko huɗu. Akwai makarantar kuɗi ta bakin titi, bene mai hawa biyu, da motarta ruwan ɗorawa da ke bi gida-gida. Akwai ta cikin harabar asibiti, mai tsabta da lilo, sai dai sai uba ko uwa na da katin ma'aikaci ake karɓar yaro. Sai kuma ta gwamnati, ɗaki ɗaya dogo mai taga huɗu, ƙananan kujeru na katako, tabarmi, da durum na ruwa a bakin ƙofa. Ita dokarta ɗaya ce: duk yaron da aka kawo, a rubuta shi. Saboda haka a nan ake tarar da 'yar mai wanki kusa da ɗan ɗan sanda, ɗan mahauci kusa da 'yar malamin jinya da katinsa bai fito ba, masu zuwa ibada ranar Juma'a da masu zuwa ranar Lahadi, masu takalmi sau ciki da masu silifa ƙafa daban-daban.

Ranar farko Goggo tana share baranda ta ji ajin ya kaure da kuka. Ta leƙa. Malama, yarinya ce da ba ta daɗe da gama kwaleji ba, tana tsaye da alli a hannu, idonta ya cika da ƙwalla, yara arba'in da ɗaya na kuka a gabanta, rabinsu ba sa jin abin da take cewa. Goggo ta jingine tsintsiya. Ta durƙusa gaban wani yaro da ke ta maimaita kalma ɗaya yana matse ƙafafu.

"Malama, wannan fitsari yake ji. Waccan mai kitso biyu cewa take takalmi ya matse ta. Shi kuma na lungu ba abin da ke damunsa, taya su yake."

Malama ta dube ta kamar an aiko ta daga sama. "Goggo, don Allah kar ki fita."

Ba ta sake fita ba. Sharar ta koma ta sassafe, kafin a buɗe ƙofa. Sauran yinin ita ce mai kai yara bayi, mai wanke wandon da aka ɓata ta shanya a bayan aji yadda ba wanda zai gani ya yi dariya, mai raba faɗa a kan fensir, mai gane wanda ya zo bai karya ba tun daga yadda yake kallon jakar wani. A aljihun rigarta ba a rasa biskit da tsumma mai tsabta. In uwa ta zo da ƙorafi da yaren da Malama ba ta ji, Goggo ce a tsakiya, kuma har yau ba ta daina rage wa magana gishiri ba.

A shekararta ta takwas a wurin aka kawo yarinyar da ta gagare ta. Wani tsoho ne ya riƙo ta, lebura a wurin buga bulo, ƙafarsa fari fat da siminti. Kalma biyu kawai ya iya a harshen gari, "na gode" da "gobe". Ambaliya ce ta cinye ƙauyensu can nesa, ta tafi da iyayen yarinyar, shi da matarsa suka biyo motar kaya da ita. Wannan ma sai daga baya aka sani. A ranar dai ya nuna yarinyar, ya nuna aji, ya ce na gode, ya tafi.

Yarinyar ta zauna a ƙarshen tabarma ta rungume gwiwa. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tayar wa Goggo hankali ke nan, don kuka ta san maganinsa. Ta gwada yarukanta ɗaya bayan ɗaya, har da guntun na takwas da ta tsinta a wurin masu kayan miya. Yarinyar ta bi bakinta da ido kawai. Sati uku haka. Yara suka fara kiranta Shiru.

"Anya tana ji kuwa?" in ji Malama. "Ko mu rubuta a kai ta a duba kunnenta?"

Goggo ta tashi. Ta zaga bayan yarinyar ta saki murfin kwano a ƙasa. Yarinyar ta zabura har ta buge gwiwa.

"Kunnenta ƙalau. Mu ne kurame a wurinta."

Da aka tashi ranar, ta bi tsohon da jikarsa a baya, har wani kango bayan 'yan katako inda aka toshe taga da buhu. Tun daga waje ta ji murya siririya tana zuba kamar an kunna rediyo. Shiru ce, tana ba kakarta labari, har da kwaikwayon tafiyar Malama. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare. Ashe duk abin da ake yi a ajin nan yarinyar na kwashewa, wurin sauke shi ne babu.

Ta yi sallama, aka shimfiɗa mata buhu. Ita da tsohuwar ba mai jin wata, sai suka koma nuni. Goggo ta ɗaga kofi, tsohuwar ta faɗi sunansa. Ta nuna ruwa, ta yafito da hannu alamar zo, ta shafa ciki alamar yunwa. Akuyar maƙwabta ta leƙo, tsohuwar ta kore ta tana faɗin wata kalma, Goggo ta haɗa da ita ta adana. Kalma shida ta ɗauko. Da yake ba ta iya rubutu ba, a baki ta riƙo su har gida, tana tafe tana maimaitawa, mutane na gaishe ta tana ɗaga musu hannu kawai kar kalmomin su zube.

Washegari lokacin tara ta cika kofi, ta durƙusa gaban yarinyar, ta faɗi abin da take zaton "zo ki sha ruwa" ne. Yarinyar ta zaro ido. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta toshe baki da hannu biyu, dariyar ta ƙwace ta fito. Ta yi ta dariya har da kwanciya a tabarma, aji duka ya tsaya kallo. Da ta tsagaita, ta nuna kofin ta faɗi kalma ɗaya a hankali, yadda ake koya wa jariri, sannan ta sa yatsu biyu a ka kamar ƙaho ta faɗi wadda Goggo ta faɗa.

"Me ta ce?" in ji Malama.

"Wai cewa na yi ta zo ta sha akuya."

Daga ranar yarinyar ta ɗauki Goggo ɗaliba. Kullum sai ta ja ta gefe ta nuna mata abu ta faɗi sunansa, in Goggo ta karkace baki ta girgiza kai cikin takaici. A madadin haka ita ma tana karɓar na gari, kalma da kalma. Kafin ƙarshen zangon karatu Malama ta fara cewa, "Ke Shiru, yi mana shiru mana." Sunan bai canza ba, har ta gama firamare da shi, alhali duk makarantar ba wanda ya kai ta surutu.

Babban ɗan Goggo mai gyaran waya ne, yana da shago a bakin kasuwa, kuma Allah ya buɗa masa. Da 'yarsa ta fari ta isa shiga makaranta, Goggo ta riga ta zaɓa mata kujera a ranta, ta kusa da taga ta biyu inda iska ke shigowa. Wata ranar Asabar da hantsi ya zo gaishe ta, ya zauna a bakin gado yana ta juya makullin babur a hannu.

"Inna, na yi wa yarinyar nan rajista a ta bakin titi."

Tana tsince shinkafa a faranti. Hannunta ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba.

"Ba raina wurinku na yi ba, Inna. Amma ki duba, yara arba'in a ɗaki ɗaya. Kowa da yarensa, kamar tasha. Yarinya za ta dawo gida ba a san me take faɗa ba. Can su goma sha biyar ne a aji, kuma da Turanci ake musu magana tun daga ƙofa."

"'Yarka ce, Babba. Allah ya sa albarka."

"Kuma ni da za ki ji tawa, da kin huta haka nan. Kina wanke kashin 'ya'yan mutane, muna raye."

A nan ne ta ɗago. "Naka ma ni na wanke, ban ga ya rage ni da komai ba. Miƙo min wancan kwanon."

Bai sake tayar da maganar ba, ita ma haka. Amma da ya tafi ta daɗe zaune da farantin a cinya, ba ta tsince ko ƙwaya ɗaya ba. Ranar Litinin ta zaunar da ɗan wani mai faci a kujerar kusa da taga.

Ba ta taɓa kushe makarantar bakin titi ba, don ba ta ga abin kushewa ba. Jikar ta iya karatu da wuri, kayanta tsaf, tana rera waƙoƙin da Goggo ba ta jin ko ɗaya amma take tafa mata. Motar ruwan ɗorawa ta gaban makarantar gwamnati take bi ƙarfe bakwai da rabi, saboda haka Goggo ta mayar da sharar bakin ƙofa ta wannan lokacin. Motar na wucewa sai ƙaramin hannu ya fito ta taga.

"Kaka!"

"Ƙawata, a yi karatu da kyau! Mayar da hannun ciki!"

Shekara uku bayan haka maganar ƙanen yarinyar ta taso. An haife shi da ƙafafu a lanƙwashe, an yi aiki sau biyu, aka sa masa takalmin ƙarfe har gwiwa. Yana tafiya da 'yar sanda a kowane hannu, a hankali, amma hawa mataki da tsugunno sai an taimaka masa. Baki kuwa, na kakarsa ya ɗauko. Goggo angona take ce masa, shi kuma ya ce shi ba ya son tsohuwa, sai ta sayo haƙora.

Uban ya kai shi makarantar yayarsa. Shugabar ta karɓe su da mutunci, ta ba yaron alewa, sannan ta yi bayani: ajin ƙanana a sama yake, mataki ashirin da biyu, kuma ba su da ma'aikaciyar da za ta keɓe da yaro ɗaya. Ta ce a bari ya ƙara ƙwari. Ya gwada ta asibiti, inda aka san yaron sarai, aka ce ba kati ba shiga. Kwana huɗu bai gaya wa mahaifiyarsa ba. Matarsa ce ta zo ta same ta a bayan aji tana shanya wanduna.

"Inna, kunya ce ta hana shi zuwa. Ya ce da wane ido zai dube ki."

Goggo ta matse wandon da ke hannunta ta rataya. "Da wanda ya saba dubana. Ki ce ya kawo min angona ranar Litinin, da takardar haihuwa da hoto biyu. Kuma kar ya makara, ba na buɗe wa 'yan makara ƙofa, ko ni na haife su."

Ajin a ƙasa yake, amma akwai dakali mai tsayi a bakin ƙofa. Ranar Asabar ta je wurin buga bulo. Tsohon nan kakan Shiru yana nan, ya ƙara tsufa, yanzu shi ke ba bulo ruwa da tiyo. Ta yi masa bayani rabi da yarensa rabi da na gari, tana zana gangare a iska da hannu. Ya gyaɗa kai ya ce, "Gobe." Washegari da safe ya zo da baro, da ragowar siminti da maigidansa ya ba shi, ya zuba gangare mai faɗi daga dakalin zuwa ƙasa, ya bi shi da tsinken tsintsiya ya yi masa zane-zane don kar ya yi santsi.

Ranar Litinin Babba ya zo da yaron a gaban babur. Ya sauke shi, ya gaishe da Malama, wadda yanzu ta zama uwar 'ya'ya huɗu mai murya kamar ƙararrawa, ya durƙusa ya gaishe da mahaifiyarsa bai ɗago ba.

"Inna..."

"Ka kawo hoton?"

Ya miƙa. Yaron ya hau gangaren da kansa, ƙarfen na ƙara ƙwas ƙwas, aji ya yi tsit ana kallon ƙafarsa. Sai wata 'yar mai kitso ta taso ta tsuguna, ta ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa.

"Waye ya saya maka?"

"Likita."

"Ni ma zan ce a saya min."

"Ba a sayar wa kowa," in ji yaron, "sai an yanka ka sau biyu."

Ajin ya ɗauka da "kai!" Kafin Malama ta tsawatar, yara sun kewaye shi, wannan na tambaya da harshen gari, wancan da nasa, wani ɗan ƙarami da bai iya ko ɗaya ba ya kama sandar hagu ya ƙi saki. Faɗan farko na ranar a kan wanda zai zauna kusa da shi aka yi, Goggo ta raba shi da yare uku.

Babba bai tafi ba. Ya zaga ta taga ya tsaya, makulli a hannu. Yana nan aka yi waƙar ƙirga, yana nan aka fito shan ruwa. Ya ga lokacin da yaron ya yi wa kakarsa raɗa, ta ɗauke shi a kafaɗa kamar wasa suke, ta zaga da shi bayi tana ce masa ya yi nauyi, ita ta fasa auren. Ba yaron da ya ko waiwaya, don kowa a ajin nan an taɓa zagawa da shi haka.

Da ta dawo ta ajiye shi, ta fito ta sami ɗanta yana goge ido da bayan hannu.

"Har yanzu kana nan? Wayoyin mutane na can na jiranka."

"Inna, ki yafe min maganar da na yi a kan aikinki."

"Wace magana? Ni tsufa ya sa ba na riƙe komai." Ta ciro tsumma daga aljihu ta miƙa masa. "Share fuskarka, kar yarana su ga ƙato na kuka su ce za su taya ka. Ƙarfe sha biyu da rabi ake tashi."

Yaron ya yi shekara biyu a ajin, ya wuce zuwa aji ɗaya a makarantar, a ɗakin da ke jikin nasu. Yayarsa ta ci gaba da zama a ta bakin titi har ta gama, kuma a gida sukan yi musu a kan wace makaranta ta fi, ita ta ce tasu na da mota, shi ya ce tasu na da Kaka. Goggo kuwa gwiwa ta fara ba ta wahala, durƙuso sai da dabara. Babba ya sayo mata 'yar kujera mai jingina ya kai ajin da kansa. Ta zauna a kai kwana biyu, sannan ta zama wurin kwantar da duk yaron da zazzaɓi ya kama kafin uwarsa ta iso.